Tanadi Ko Rowa? Tsakanin Ragon Suna Da Goben Jariri

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mana yawo a zuci, wadda muka ga ya dace mu kawo ta wannan fili domin 'yan'uwa marubuta da masu sha'awar rubutu su taya mu dubawa. Tambayar kuwa ita ce: idan magidanci mai hanyar samu guda ɗaya tak ya sami ƙaruwa, sa'an nan ya ƙi sakin hannu yadda jama'a suka saba gani, domin ya ajiye wani abu saboda gobe, shin tanadi ya yi ko kuwa rowa? Mai karatu zai iya cewa ai wannan maganar cefane ce, ba ta kai a ɓata mata takarda ba. To, amma a cikinta akwai batun haƙƙi, da kunya, da zumunci, da dogaro ga Allah, kuma waɗannan su ne ginshiƙan da tarbiyyar Bahaushe ta tsaya a kansu.

Domin kada maganar ta zama a iska, bari mu kai ta Dingaya, a ƙaramar hukumar Gwaram, can kudancin Jihar Jigawa, yankin da ya yi iyaka da Jihar Bauchi. Ƙasa ce ta manoma, masu gero da dawa da gyaɗa da wake da riɗi. Mu ƙaddara wani matashi ne a can, malamin firamare, wanda ba shi da wata hanya sai albashinsa na ƙarshen wata. Ko kuma mu ce manomi ne, wanda nasa albashin sau ɗaya yake zuwa a shekara, wato da kaka. Matarsa ta haihu, haihuwar fari, uwa da ɗa lafiya. Daga ranar nan yana da kwana bakwai kafin suna.

Kowa ya san abin da ke jiransa a cikin kwanakin nan. Akwai ragon suna. Akwai goro da alawa na rabon sanarwa. Akwai itacen wankan jego, da ƙauri, da kayan kunu. Akwai kayan fitar suna na maijego, da na jariri, da hasafin ungozoma da na wanzami, da abincin baƙi na nesa da na kusa, ga maroƙa a ƙofar gida tun da sassafe. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar da ta kai mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000, bayan naira 30,000 da aka tsayar a 2019. Duk wanda ya leƙa kara a 'yan shekarun nan ya san ragon da za a ɗaure a ƙofar gida ba tare da an ji kunya ba yakan lanƙwame albashin wata guda, wani lokaci har ya nemi ciko. Saboda haka malamin nan namu hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya ci bashi ya fita kunya, ko kuwa ya yi daidai ƙarfinsa ya jure abin da za a ce. Manomin kuma ko dai ya fasa rumbu ya kai hatsi kasuwar Sara, ko ya bar shi a rufe ya sha surutu.

Ma'anar Rowa

Kafin mu yanke wa kowa hukunci, ya kamata mu tsaya a kan kalmomin. Hausa ba ta haɗa tanadi da rowa a kwando ɗaya ba. Muna da tanadi, da tattali, da tsimi, duk na yabo ne, har ma da aka zo neman sunan ilimin sarrafa dukiyar ƙasa, sai aka ce tsimi da tanadi, aka ce tattalin arziki. A ɗaya gefen kuma muna da rowa, da ƙwauro, da maƙo, duk na zargi. Dukkansu riƙe abu ne a hannu, amma harshe ya raba su, kuma ba a banza ya raba su ba. A fahimtarmu, rowa ita ce hana mai haƙƙi haƙƙinsa alhali kana da shi. Tanadi kuwa shi ne riƙe wa mai haƙƙi haƙƙinsa har ranar da zai buƙace shi.

Idan haka ne, tambayar ta koma kan su wane ne masu haƙƙi a cikin wannan ɗan abin da ke hannun maigida. Maijego tana da haƙƙi, domin jini ta zubar, kuma jikinta ne zai ciyar da yaro. Iyaye da dangi suna da nasu, maƙwabta ma haka. Amma akwai wani mai haƙƙi guda wanda ya fi kowa rauni a wajen rabon, shi ne jaririn da aka taru dominsa. Ba ya magana, ba ya fushi, ba zai yi da kowa a bakin rijiya ba. Bugu da ƙari, yawancin haƙƙoƙinsa ba ranar suna suke zuwa ba. Suna zuwa ne da tsakar dare a cikin marka, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ya sa jikinsa ya yi zafi rau, aka rasa abin da za a ba mai mota ya kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Suna zuwa bayan wata shida, lokacin da nono kaɗai ya daina isarsa, ana bukatar kunun gyaɗa da waken suya da ɗan ƙwai. Suna zuwa ranar yaye, da ranar shiga makaranta.

Kada mu raina kuɗin motar nan. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, ana sayar da lita ƙasa da naira 200 a farashin hukuma. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Ga mutumin karkara, wannan yana nufin asibiti ya ƙara nisa, ko da yake bai gusa daga inda yake ba. Ranar da ciwo ya zo kuma ba ranar neman rance ba ce, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujjojin Masu Sakin Hannu

Ba za mu yi adalci ba idan muka ɗauki masu sakin hannu a matsayin wawaye. Suna da hujjoji, kuma masu nauyi ne.

Ta farko ita ce ta tawakkali. Za su ce bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci, kuma kowane yaro da arzikinsa yake zuwa. Wannan gaskiya ce, ba mu ja da ita ba. Sai dai manomin da ya faɗi haka, shi ne kuma yake ware iri tun da kaka ya rataye, ko yunwa ta kai ina ba ya taɓa shi, kuma ba mu taɓa jin an ce imaninsa ya yi rauni saboda haka ba. Labarin Annabi Yusufu (AS) sananne ne ga kowane ɗan makarantar allo, yadda ya ba da shawarar a ajiye amfanin shekarun yalwa a cikin zangarniyarsa domin shekarun fari. Kakanninmu ma a dami suke zuba gero a rumbu, saboda ya fi jure ƙwari. Ya kuma inganta cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana ware wa iyalinsa abincin shekara. Ashe ke nan rumbu bai saɓa wa tawakkali ba.

A nan akwai abin da ya kamata mu tuna game da ragon sunan kansa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita muka tashi a kai, yankan suna abin so ne ga wanda yake da hali, ba farilla ba ce. Dabba ɗaya ce, ko namiji aka haifa ko mace, a rana ta bakwai. Malaman mazhabar ma sun karhanta a mayar da ita walimar da za a tara jama'a, sun fi son a ci a gida, a yi sadaka, a aika wa maƙwabta. Saboda haka wanda ya ci bashi domin rago mai ƙahon da za a yi labari, kada ya jingina abin ga addini. Addini ya sauƙaƙa masa, al'ada ce ta ɗora masa kaya, mu kuwa muka taya ta ɗaurewa.

Hujja ta biyu ta fi ta farko wuyar turewa. Za su ce asusun talaka mutane ne. Wanda ya ciyar da jama'a ranar farin cikinsa, su ne za su tsaya masa ranar baƙin cikinsa. Matar da ta kai gudummawa gidan suna ba asara ta yi ba, ajiya ta yi, domin biki bashi ne, ranar nata za a mayar mata har da ƙari. Garar da iyayen maijego kan kawo, da kayan barka na 'yan'uwa da abokan arziki, duk wata hanya ce da al'umma ta ƙirƙiro domin kada nauyin sabon yaro ya faɗa a kan mutum ɗaya, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wurin da babu inshora, banki kuma yana da nisa, wanda ya yanke zumunci domin ya tara kuɗi ya sayar da babbar ajiya ne ya sayi ƙarama. Mun yarda da wannan ɗari bisa ɗari.

Amma fa akwai bambanci tsakanin abin da aka kashe domin zumunci da abin da aka kashe domin ido. Kwanon tuwon da aka aika wa gwaggo da maƙwabciya zumunci ne. Zuwa barka da ƙafa zumunci ne, ai cewa aka yi zumunta a ƙafa take. To, anko kala biyu fa, da hayar kujeru da rumfa, da kiɗan da za a kwana ana yi, da liƙin da za a yi wa maroƙi domin ya ambaci sunan kakan maigida? Waɗannan ba su ƙara wa kowa ɗan'uwa. Wanda zai tashi da tsakar dare ya ɗauko babur ya kai yaronka asibiti, ba girman ragonka ne zai tashe shi ba, zaman da kuka yi ne. Yawancin abin da ke karya magidanci ranar suna ba don Allah aka yi shi ba, ba kuma don dangi ba, an yi shi ne don kada a ce.

Hujja ta uku ta 'yan zamani ce. Za su ce ina amfanin ajiye kuɗin da ke narkewa kamar ƙanƙara? Tun daga shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira take zubewa. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, wato abin da naira ɗari ta saya a bara, sai an ƙara mata fiye da talatin za ta saye shi. Ga kuma abin da ya faru a farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Mai kuɗi a asusun ƙasa ya shiga fargabar kada su mutu a hannunsa, mai kuɗi a banki kuma ya wuni a layi bai samu ba. Wanda ya ga wannan, in ya ce gara ya ci abinsa yau, ba za a ce ya yi hauka ba.

Amsar wannan tana nan a tsakar gidajenmu tun kafin a san banki. Matan karkara ba su cika ajiya da takarda ba, da akuya suke yi. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, sau da yawa kuma tagwaye take haifa, farashinta yana tafiya tare da kasuwa, in bukata ta taso kuma ranar kasuwa ɗaya ta isa a mayar da ita kuɗi. Haka buhun geron da aka saya ko aka hana kai sayarwa da kaka, lokacin da hatsi ke araha, shi ne zai tsare gida a watan Agusta sa'ad da kwano ya yi tsada. Babu asarar da ta kai ta manomin da ya sayar da hatsinsa da arha domin hidimar kwana ɗaya, sa'an nan ya dawo yana awo da tsada da damina. Akwai kuma adashi, wanda ke tilasta wa mutum ajiya ko ransa bai so ba. Kowace hanya da haɗarinta, akuya takan mutu, ƙwari sukan shiga wake, uwar adashi takan ci amana. Shi ya sa mai hankali yake rarrabawa, ɗan kuɗi a hannu saboda dare, hatsi saboda damina, dabba saboda shekara.

Wa Ya Biya Kuɗin Tanadin?

Yanzu sai mu juyo kan masu riƙe hannu, domin su ma ba duka ne masu gaskiya ba. Akwai magidancin da zai fake da tanadi ya hana maijego nama, ya ƙirga mata ƙwayar magi, ya ce asibiti ɓarnar kuɗi ce a jiƙa saiwa, alhali shi bai fasa shan shayi da ƙwai a bakin titi ba, bai fasa sabuwar shadda da salla ba, katin wayarsa kuma bai taɓa yankewa ba. Wannan ko ya tara abin da ya tara, marowaci ne, domin daga cikin mai shayarwa ya yanko abin da ya ajiye, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ga ma'aunin da muke ganin zai raba gardama. Duk ajiyar da aka yi, akwai wanda ya biya kuɗinta, wato akwai wanda ya rasa wani abu yau domin a same ta gobe. Sai a tambaya, wane ne? Idan girman kan maigida ne ya biya, da kwaɗayinsa, da son a yabe shi, to wannan tanadi ne, kuma abin yabo ne ko duk gari sun zage shi. Idan kuwa kwanon maijego ne ya biya, ko lafiyar jariri, ko tsohuwar da ke jiran ɗan abin da ya saba aika mata, to wannan rowa ce ko da an kira ta da suna mai daɗi. Da wannan ma'auni kuma za a auna mai sakin hannu. Wanda ya yi suna na kece raini da bashi, ya kwashe wata biyar ana yankar albashinsa, shi ma ya hana mai haƙƙi haƙƙinsa. Ya yi wa jama'a kyauta da abin da yake na ɗansa ne. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, amma akwai bambanci tsakanin bashin magani da bashin burga.

Akwai kuma wani gyara da ya kamata mu yi wa maganar hanyar samu guda ɗaya. Gidan da muke kira mai albashi ɗaya, mutum biyu ne suke riƙe da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗa masa ba, sa'an nan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu. Uwar da ta yi haka ta tsare gidan daga sayen madarar gwangwani, ta kuma tsare yaron daga gudawar da gurɓataccen ruwa ke kawowa. Ita ce mai wanke tsumma, mai sauke gidan sauro da magariba, mai goya yaro zuwa allurar rigakafi, wadda kyauta ake yin ta. Ba a rubuta mata albashi, amma babu wanda ya kai ta tanadi a gidan. Saboda haka bai dace maigida ya ɓoye mata abin da yake samu ba, sa'an nan ya zarge ta da ɓarna, domin ba a tattalin abin da ba a san yawansa ba. Haka kuma in tana ƙuli-ƙuli ko saƙar hula ta sayi akuyarta, wannan dukiyarta ce, ciyarwa a wuyansa take. In ta taimaka alheri ta yi, sai a gode mata, ba a mayar da shi dole ba.

Mu Ne Mutanen

Muna sane da cewa akwai gidajen da duk wannan bayani bai shafe su ba, domin babu abin ajiyewar. Wanda ambaliya ta cinye gonarsa, kamar yadda ta yi wa dubban manoman Jigawa a 2022, ko wanda abin da yake samu ba ya kai shi tsakiyar wata, yi masa wa'azin tanadi cin fuska ne. Nauyin irin wannan yana kan masu riƙe da al'amuran jama'a, yana kuma kan maƙwabtansa masu hali.

Amma ko a nan akwai abin da ke hannunmu. Kullum cewa muke yi mutane za su ce, kamar mutanen nan wasu baƙi ne daga wata ƙasa. Mu ne muke zuwa suna mu leƙa bayan gida mu ga girman rago. Mu ne muke komawa muna cewa wance ko zane biyu ba a yi mata ba. Mu ne muke cin shinkafar da aka ciwo bashi aka dafa, mu wanke hannu, mu yi addu'ar Allah Ya raya, mu tafi mu bar uban yaro da mai kanti. Idan har magidanci yana tsoron yin daidai ƙarfinsa, bakinmu yake tsoro. Ranar da muka fara yaba wa wanda ya yi suna da asuba a masallaci, da goro da dabino, ya mayar da ragowar akuya da buhun gero, ranar ce tanadi zai daina zama abin kunya.

Mu marubuta kuwa muna da namu kason na laifi. Sau nawa muka rufe littafi a daren da aka kai amarya, kamar rayuwa a nan ta ƙare? In ma mun kai ga haihuwa, sai mu cika shafi da lissafin akwatuna da shanun da aka yanka, har yarinyar da ke karatu a Gwaram ko Birnin Kudu ta ɗauka duk abin da ya gaza haka wulaƙanci ne. Ga labari nan a ƙofar gidajenmu ba mu taɓa ba: mata da miji a daren kwana na shida, fitila a tsakaninsu, suna ƙirga abin da ke hannu, uwar miji tana son a fita kunya, uwar mata tana jiran a ga darajar 'yarta, jariri kuma yana barci bai san ana shawara a kan gobensa ba. Wanda ya iya rubuta wannan dare da gaskiya, ba tare da ya mayar da kowa mugu ba, ya yi wa al'umma aiki.

A taƙaice, amsar da muka samu ga tambayarmu ita ce, riƙe hannu ba shi ne rowa ba, sakinsa kuma ba shi ne karamci ba, sai an duba wanda ya ji a jikinsa. Malamin nan na Dingaya, in ya ciyar da maijego ta ƙoshi, ya sada zumunci gwargwadon hali, ya yanka abin da ya sawwaƙa ko ya haƙura in babu, ya ɗaure ragowar saboda daren da ba a fata, to ya sauke nauyin da ke kansa, kuma ba ya bukatar ya sunkuyar da kai a gaban kowa. Muna fata 'yan'uwa masu wani ra'ayi dabam za su aiko da nasu a fitowa ta gaba. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa albarka a cikin kaɗan ɗin da muke samu, amin.